Aikin maƙoƙo: allura mai ƙarfi da 'yar ƙwayar da muke rainawa

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ɗakin 'yan tiyata ya san halinmu da magani, in ba allura aka yi ba to a wajenmu ba a yi komai ba, in kuma an yi allurar amma mara lafiya bai yi luuu ya fara sambatu ba to ai likitan ne bai iya aiki ba. Ni a famasi nake aiki, kullum sai an miƙo min kati an ce a ba mu mai ƙarfi, da zarar mutum ya leƙa leda ya hango farasitamol sai ka ga fuska ta canza, wai an tsaga wa tsohuwarsu wuya amma Panadol za a ba ta. Shi ya sa yau na ce bari in zauna in rubuta abin da masu bincike suka gano a kan wannan, musamman aikin maƙoƙo tunda mata 'yan uwana ne suka fi fama da shi, kuma aiki ne da raɗaɗinsa na 'yan kwanaki ne amma akwai maganinsa da za a sha har ƙarshen rayuwa, mu kuma sai muka juya abun, muka ɗauki na 'yan kwanakin da zafi muka yi wasa da na har abadan.

Bari in fara da yadda ake gwada maganin ciwo ma tukunna, don mutane da yawa sun ɗauka likitoci kallon fuskar mara lafiya kawai suke su yanke hukunci. Yawancin gwajin a kan waɗanda aka cire wa haƙorin ƙarshe na can ƙurya ake yi, saboda matasa ne masu lafiya kuma ciwon kusan iri ɗaya ne ga kowa. Sai a jira allurar kashe zafi ta sake su, ciwo ya taso, sannan a raba su da ƙuri'a, waɗannan a ba su maganin gaske waɗancan a ba su ƙwaya mai kama da shi sak amma ba komai a cikinta, mara lafiya bai san wacce ya sha ba, nas ɗin da ke tambayarsa ma ba ta sani ba. Daga nan a bi su awa 4 zuwa 6 ana tambayar yaya ciwo. Wasu masu bincike biyu a Oxford ta Ingila, Henry McQuay da Andrew Moore, suka kwashe shekaru suna tattara irin waɗannan gwaje-gwaje na dubban mutane suka jera magungunan a tebur ɗaya, lissafinsu shi ne mutum nawa za ka ba maganin kafin ka samu mutum ɗaya da ciwonsa ya ragu da rabi, wanda da ƙwayar wofi ya sha da bai samu wannan sauƙin ba. Kenan ƙaramar lamba ita ce mai kyau.

To ga abin da ya fito. Farasitamol miligiram 1000 lambarsa 3.6, ibufurofen 400 lambarsa 2.5, in ka haɗa su biyun kuma ta sauko zuwa 1.5. Tiramadol 100 da samarinmu ke wa kallon sarkin magani yana wajen 5. Kodin 60 shi kaɗai kuwa 12, wato can ƙasan tebur yake zaune abunsa. Ranar da na fara ganin teburin nan a makaranta dariya na yi wallahi, don ƙwayoyi biyun da suka fi kowanne araha a kemis su ne a sama. A 2019 ma wasu a Denmak sun gwada a aiki babba, canjin ƙashin ƙugu, mutum sama da 500, waɗanda aka ba farasitamol kaɗai sun buƙaci mofin, wato maganin ciwo mai ƙarfin gaske, wajen miligiram 36 a kwana na farko, waɗanda aka haɗa musu da ibufurofen kuma 20 suka buƙata. Mu dai mun riƙe araha ba ta ado, amma fa jiki bai san kuɗin magani ba.

Na ga wannan da idona lokacin da aka yi wa gwaggona aiki, nata maƙoƙon ya girma har in ta kwanta rigingine numfashi na yi mata wuya, aka cire shi gaba ɗaya. Da ta farfaɗo abin da ta fara kuka da shi ma ba wajen ɗinkin ba ne, maƙogwaro ne ke mata zafi in ta haɗiyi yawu saboda robar numfashi da aka zura mata, sai kuma ƙeya da ta riƙe don an tanƙwara wuyan baya tsawon aikin. Mai allurar barci ya riga ya yi mata allurar kashe zafi a gefen wuya biyu kafin a fara, ya kuma sa mata dekzametason a jijiya, wanda gwaji a kan masu irin wannan aikin ya nuna yana rage amai da ciwo, amai kuwa shi ne abin gudu ga wanda aka ɗinke wa wuya. Cikin dare ɗanta ya tsaya a kan nas sai an yi mata fenta, wato allurar fentazosin mai ƙarfi 'yar dangin mofin, yana cewa ku dube ta fa ko barci ba ta yi ba. Gwaggo da 'yar muryarta da ta dishe ta kamo hannuna ta ce, ke 'yar nan gaya wa yayanki ya ƙyale yarinyar mutane, ni filo nake so a ƙara min a ƙeya. Aka naɗe zani aka tokare mata, aka ci gaba da farasitamol duk bayan awa 6 ko tana jin ciwo ko ba ta ji, kuma nan ne sirrin yake, bin agogo, ba a jira sai ciwo ya kai intaha sannan a fara guje-guje. Washegari da hantsi tana zaune tana shan koko da cokali tana faɗan an sa sukari da yawa.

Kar wani ya ce na ce kowa ya je ya ɗibi ibufurofen fa. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai ciki musamman watannin ƙarshe, wasu masu asma, duk ba nasu ba ne, shi da diklofenak duka. Kuma a aikin wuya likitocin tiyata da yawa suna ɗari-ɗari da shi a awannin farko, saboda wajen mutum 1 ko 2 cikin 100 jini kan taru a ƙarƙashin ɗinkin, in ya taru kuma hanyar numfashi yake dannewa, shi ya sa ake kwantar da mutum ana leƙa wuyan. Wannan shawarar wanda ya yi aikin ce. Farasitamol ɗin ma kar ya wuce giram 4 a wuni ga babba don hanta yake taɓawa, kuma a lura magungunan mura da yawa akwai shi a ciki.

Me ya sa nake tsoron mai ƙarfin? A 2017 masu bincike a jami'ar Michigan ta Amurka suka duba takardun mutum sama da 36,000 da aka yi wa tiyata, waɗanda da can ba sa shan dangin mofin, sai suka tarar wajen 6 cikin 100 har bayan wata 3 suna nan suna karɓar maganin. Abin da ya fi ɗaure kai, ƙaramin aiki da babba kusan duk ɗaya, 5.9 da 6.5, kuma cikin ƙananan ayyukan da suka lissafa har da cire maƙoƙo. Kenan ba girman yanka ke jawo shi ba. Mu nan ba sai an ba mu labari ba, a 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin bayan abin ya fi ƙarfin kowa, tiramadol mai 225 da ba a ma rubuta shi a asibiti yana yawo a tasha, ga masu farfaɗiyar da yake jawowa, ga mata da 'yan sikila da fenta ta kama tun daga gadon asibiti har cinyoyinsu suka zama gyambo saboda yawan tsira allura. Shi kodin ma wani abun, sai hanta ta juya shi zuwa mofin kafin ya yi aiki, wasu jikinsu ba ya juyawa kwata-kwata sun sha a banza, wasu kuma juyawa yake da gudu har ya danne numfashi, a Habasha an samu kusan 29 cikin 100 masu irin wannan saurin. Amma kuma gaskiya ɗaya ce, akwai aikin da dole sai mofin, wanda aka buɗe wa ciki ko ƙirji ko mai kansa da ta yi nisa, kuma abin takaicin shi ne irin waɗannan ne ke rasa shi a asibitocinmu alhali tiramadol na nan a aljihun ɗan acaɓa.

Af, kuma kar ku ɗauka duk abin da aka buga a mujallar likitoci yankan wuƙa ne. Wani likitan allurar barci a Massachusetts, Scott Reuben, ya yi suna sosai a kan haɗa magunguna bayan tiyata, a 2009 aka gano aƙalla bincike 21 ƙirƙirarsu ya yi, wasu ma babu mara lafiya ko ɗaya, ya sha ɗaurin wata 6. Wani a Jafan, Yoshitaka Fujii, nasa a kan maganin amai bayan tiyata ne har da na matan da aka yi wa aikin maƙoƙo, wani likita a Ingila mai suna John Carlisle ya zauna da alƙalumansa ya ga sun yi kyau fiye da yadda ƙuri'a za ta iya bayarwa, a 2012 aka tabbatar takardu 172 na ƙarya ne. Dalilin kenan da ya sa ban cika rawar kai a kan bincike ɗaya tilo ba, sai na ga mutane daban-daban a ƙasashe daban-daban sun maimaita ya fito iri ɗaya, shi kuwa haɗin farasitamol da ibufurofen an maimaita har an gaji. Wani sabon maganin ciwo mai suna Journavx, wanda Amurka ta amince da shi a Janairun 2025, ba dangin mofin ba ne kuma wannan abin murna ne, ya fi ƙwayar wofi a gwaji amma bai fi tsohon maganin da aka kwatanta shi da shi ba, ƙwaya ɗaya kuma da ya fito a 2025 ta haura dala 15. Sai ku lissafa da naira ku gani.

Yanzu ga inda na fi so a saurare ni. In an cire tairod, wato ƙullin da ke gaban wuya wanda kumburinsa ne ake kira maƙoƙo, gaba ɗaya, jiki ya rasa mai yi masa sinadarin da ke saita zafin jiki da bugun zuciya da narkar abinci da kaifin ƙwaƙwalwa. Theodor Kocher na birnin Bern a Suwizalan, wanda ya mayar da aikin nan daga mai kashe kusan 40 cikin 100 zuwa ƙasa da 1 har ya samu kyautar Nobel a 1909, shi da kansa a 1883 ya kira waɗanda ya cire wa duka ya duba su, ya tarar sun kumbura, sun yi sanyi, magana da ƙyar, yaran cikinsu sun daina girma. A 1891 wani likita a Newcastle, George Murray, ya tatsi ruwan tairod ɗin tunkiya ya yi wa wata mata 'yar shekara 46 allura, matar da aka fid da rai da ita ta miƙe ta ƙara shekara 28 a duniya tana kan maganin. Yau abin ya dawo 'yar ficiciyar ƙwaya, tairoksin, ana auna ta da maikirogiram, guda ɗaya kullum.

To ita ce muke wasa da ita. Matsalarta ba ta da saurin nuna fushi, takan yi wajen kwana 7 kafin rabinta ya bar jini, don haka in mace ta daina sha yau ba za ta ji komai gobe ba, sati biyu ma garau, sai ta ce ai na warke, a hankali a hankali sai kasala, jin sanyi ana tsakar zafi, fata ta bushe, gashi na zuba, bayan gida ya ƙi, al'ada ta rikice, mantuwa, daga nan a fara cewa sammu ne ko aljanu ko kishiya. Na sha ganin wacce aka yi wa aiki shekara biyu baya ta dawo fuska a kumbure, ka tambaye ta ina ƙwayar ta ce ai tun da ta ƙare ba wanda ya ce in sake saya.

Ko masu shan ma yadda ake shan akwai gyara. Gwaggo da aka sallame ta an haɗa mata da kalsiyam, saboda wasu 'yan ƙananan ƙulli huɗu da ke maƙale bayan tairod kan gigice bayan aiki, sai mutum ya ji leɓe da yatsu na masa yam-yam. Na je gaishe ta da safe na tarar ta zube su duka a tafin hannu, tairoksin da kalsiyam da maganin ƙarin jini, ga kofin shayi da madara a gefe za ta kora. Na ce Gwaggo tsaya, wannan ƙaramar ita kaɗai za ki sha da ruwa zalla da kin idar da sallar asuba, ki jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ki karya, su waɗannan kuma sai bayan awa 4, don kalsiyam da ayon ɗin da ke cikin maganin ƙarin jini suna riƙe ta a hanji ta fita ba ta shiga jini ba. Ta ce oh ni, magani har da kishi. Muka mayar da kalsiyam ɗin bayan azahar, kwalin ƙaramar kuma muka ɗauke shi daga kan taga inda rana ke dukansa. Bayan sati 6 zuwa 8 ake gwajin jini na TSH a ga ko awon ya yi daidai, kafin nan gwajin ba zai faɗi gaskiya ba. Mai ciki kuwa da ta ga wata ya wuce ta koma asibiti, yawanci sai an ƙara mata.

Da azumi tambayar ke yawa. Akwai gwajin da aka yi a Holan aka buga a 2010, mutum 90 suka yi wata 3 suna sha da safe wata 3 kuma lokacin kwanciya, sai aka ga na daren ma ya ɗan fi shiga jini. Don haka wanda tashi rabin awa kafin sahur ke masa wuya zai iya mayar da ita lokacin barci, in dai an yi kamar awa 3 da cin abinci, wanda na san a gidajenmu da ake ci tun daga buɗa baki har bayan asham wannan ma wani jihadin ne. A dai gaya wa likita kafin a canza.

Su ma masu tambayar tairoksin ta waje ko ta gida, mai tsada ko mai araha, akwai labari. Kamfanin Boots, wanda a lokacin yake yin wata tairoksin mai suna Synthroid, ya ba wata malamar famasi a jami'ar Kalifoniya, Betty Dong, kuɗi ta kwatanta nasu da wasu uku masu araha, ta gama a 1990 ta ga duk ɗaya suke aiki, kamfanin ya tare bugawa shekara da shekaru sai a 1997 takardar ta fito. Ni shawarar da nake bayarwa ita ce a samu mai rajistar NAFDAC a wajen da aka yarda da shi, a kuma zauna a kan kamfani ɗaya, in dole ta sa an canza a sake gwajin jini. Sannan ba duk wanda TSH ɗinsa ya ɗan ɗaga ke buƙatarta ba, a 2017 an gwada tsofaffi 737 'yan shekara 65 zuwa sama a ƙasashe huɗu na Turai, lambar gwajin ta gyaru tsaf amma gajiyarsu da sauran koke-koke ba su bambanta da na masu ƙwayar wofi ba. Masu sayenta don rage ƙiba kuma, ku ji tsoron Allah ku ji tausayin zuciyarku da ƙashinku.

Shi maƙoƙon ma asalinsa gwaji ne ya nuna maganinsa na naira kaɗan ne. A 1917 David Marine ya fara ba 'yan mata 'yan makaranta aidin a garin Akron na Amurka, cikin 2,190 da suka sha 5 ne kawai wuyansu ya kumbura, cikin 2,305 da ba su sha ba 495. Daga nan gishiri mai aidin ya samo asali, Najeriya ta wajabta shi a 1993. Wani abin da ya shafe mu kai tsaye, binciken da aka yi a Darfur tun shekarun 1980 ya nuna gero na da sinadarin da ke rage wa tairod ƙarfi in dama aidin bai isa ba, haka rogon da ba a jiƙa shi da kyau ba. Ba cewa na yi a bar fura ba, wa ya isa, gishirin dai a duba na leda ne mai aidin a kuma rufe shi. Sai dai kusan duk alƙaluman da na kawo daga Turai da Amurka suke, kuma na san dalilin da ya sa in an ce gwajin magani a Kano gaban mutane ke faɗuwa, ba mu manta 1996 ba da gwajin Trovan a kan yara 200 masu sanƙarau inda 11 suka rasu. Amma gwajin da zai kwatanta fenta da farasitamol haɗe da diklofenak a kan matanmu, da izininsu da sa hannunsu, ba sabon magani a ciki balle a ce an mayar da mu zakaran gwajin dafi, irin wannan nake so in ga asibitocin koyarwarmu sun yawaita.

Na kusa mantawa da masu ɗaya ɓangaren, waɗanda tairod ɗinsu gudu yake, rama ga ci kamar gara, gumi, rawar hannu, bugun zuciya, wasu ido ya firfito. Su kabimazol ake ba su, sau da yawa wata 12 zuwa 18, kuma wajen rabi ciwon kan dawo bayan an daina, sai a koma maganar aiki ko wani aidin na musamman da ake sha ya ƙone tairod ɗin. Ba a shiga tiyata da su sai an kwantar da sinadarin tukunna, don haka in likita ya ɗaga ranar aiki ba wulaƙanci ba ne. Mai shirin ɗaukar ciki ta faɗa tun da wuri a canza mata. Kuma cikin mutum 1000 masu shansa akwai 2 zuwa 5 da yake kashe wa sojojin jini, galibi a wata 3 na farko, alamar ita ce zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki. In hakan ta faru kar a tsaya kemis sayen maganin maleriya, a ajiye ƙwayar a je a ɗebi jini a ranar, ko da daren Juma'a ne.